Gefen Maza da Gefen Mata

A kan teburin Ammi Halfan akwai ɗan samfurin jirgin ruwa na roba mai kwale-kwale biyu wanda bai wuce tafin hannu biyu ba, an ɗora masa dabino biyu, ɗaya a kan kowane kwale-kwale. Muzna ta lura cewa na hagun ya fi ƙanƙanta. Ba sai an gaya mata ita ce wannan ba.

"Ka gani ko, Abu Zahir?" in ji Ammi Halfan, yana tura samfurin gaban mahaifinta da ɗan yatsa. "Kwale-kwale biyu ne aka haɗa, ba ɗaya ba. Nan namiji, can mace. A tsakaninsu raga, a ƙarƙashin raga teku. Wallahi ko a gidan biki ba a raba maza da mata haka."

Ammi Halfan shi ne shugaban ƙungiyar tseren jiragen ruwa ta garin Sur na bakin teku, inda ake ce wa dattijo Ammi, wato baffa. Ya yi aikin ofis a Maskat, babban birnin ƙasar, har gashinsa ya yi fari, ya dawo gida aka ba shi ƙungiya don kada zama ya kashe shi. Teku kam yana ƙaunarta matuƙa, amma daga baranda. Sau ɗaya aka taɓa lallashinsa ya shiga jirgi, aka dawo da shi a kwance, hularsa a kan fuskarsa. Ban da wannan mutumin kirki ne, kuma tun da ya ji an ƙirƙiro sabuwar gasar ƙasashe wadda dole kowane jirgi ya ɗauki namiji ɗaya da mace ɗaya, ya rantse sai an ga tutarsu a ciki. Maza yana da su har sun yi masa yawa. Mace kuwa guda ce ta rage a ƙungiyar, ga ta nan zaune kusa da ƙofa, hannuwanta a kan gwiwa.

Tun tana makaranta Muzna take tuƙa ƙaramin jirgi mai filafili ɗaya, wato ƙyallen da iska ke turawa. Mahaifinta bai taɓa hana ta ba, domin a cikinsa daga ita sai teku sai Allah. Wannan karon maganar daban ce, shi ya sa aka kira shi ofis, aka kawo gahawa da alewa.

Hamud, wanda kowa ke kira Abu Zahir, ya daɗe yana kallon samfurin. Tsohon matuƙin jirgin katako ne, irin waɗanda suka kai dabino da busasshen kifi har Zanzibar da gaɓar Indiya kafin injin ya kori filafili. Ya sa babban yatsa ya ɗan karkata samfurin, ya mayar da shi daidai.

"In dai haka ne," ya ce, "to."

"Haka ne mana! Tambayi yarinyar. Ko ba haka ba ne, 'yata?"

Muzna ta sunkuyar da kai. A garin nan idan yarinya ta sunkuyar da kai, kowa yakan ɗauki amsar da ya fi so ya tafi da ita.

Abin da ba ta faɗa ba kuwa, duk wanda ya taɓa jiƙa ƙafarsa a irin wannan jirgi ya san shi. Idan iska ta lafa, gaskiya ne, ɗaya yakan koma wancan kwale-kwalen don jirgi ya daidaita. Amma da zarar ta taso ta cika filafili, jirgin zai nemi kifewa, kuma babu abin da zai hana shi sai nauyin mutane. Sai su biyun su taru a gefen da iska ke fitowa, kowa ya maƙala ƙugiyar ɗamararsa a waya, su taka bakin jirgi su miƙe a kan ruwa, kafaɗa da kafaɗa, kamar wanki biyu a igiya ɗaya.

Aka haɗa ta da Mazin, ɗan mai gidan burodin bakin kasuwa, siriri kamar sandar rake, bakinsa ba ya hutawa. Ita ke riƙe da sandar tuƙi, shi ke jan igiyoyi. Wajen atisaye yana bayan tsaunin da ya shiga cikin teku, inda daga gari ba a hango komai, saboda haka aka ci watanni lafiya. A zauren unguwa, idan wani ya ɗaga gira ya ce ya ji 'yar Abu Zahir na fita teku da ɗan mai burodi, sai Abu Zahir ya ajiye finjali ya ce, "Jirgin biyu ne a haɗe. Gefen maza daban, gefen mata daban." Sai a ce masha Allah, Turawan nan ma ashe sun fara hankali.

Matsalar ta zo ne ta hanyar alheri. Masu shirya gasar ba su riga sun tsayar da irin jirgin da za a riƙa tseren da shi ba. Kamfanoni biyu suka kawo nasu, aka ce za a gwada su a idon wakilan ƙasashe, sannan a jefa ƙuri'a. Ammi Halfan ya yi ta kai gwauro yana kai mari har aka yarda a yi gwajin a Sur.

Yaran ƙungiya suka raɗa wa jiragen suna tun ranar da aka sauke su daga mota. Babban, mai faɗin ƙirji da doguwar sandar filafili, suka ce Taguwa. Ƙaramin, marar nauyi, suka ce Barewa. Taguwa jirgin ƙarti ce. Wasu ma'aurata da suka zo gwajin daga ƙasashen sanyi, waɗanda matar ma sai ta sunkuya take shiga ƙofar ofis, suna sonta kamar me. Ranar da Muzna da Mazin suka fara fita da ita ta kife da su, suka rataya a igiya su biyu suna ja har hannu ya yi jini, ko motsi ba ta yi ba, sai da jirgin inji ya zo ya tayar da ita.

"Kyaftin," Mazin ya ce yana tofar da ruwan gishiri, "ni da ke in aka haɗa a sikeli ba mu kai cinyar matar can ba. Ko dai in koma gidan burodi in ci na wata uku tukuna?"

Barewa kuwa kamar an auna su aka ƙera ta. Muzna ta taɓa sandar tuƙi kaɗan, ta amsa. Ba ta gaya wa kowa ba, amma a ranar ta fara yarda cewa za su iya zuwa gasar nan su dawo da wani abu ban da hotuna.

Sai Ammi Halfan ya gayyaci gari. Ya sa aka kafa rumfuna a bakin ruwa, ba bayan tsauni ba, a gaban gari sosai. Aka shimfiɗa darduma, aka jera kujeru, aka turara lubban. Ya aro babban madubin hangen nesa mai ƙafa uku ya kafa a tsakiyar sahun gaba, daidai kujerar da ya rubuta wa sunan Abu Zahir.

"Uban gwanarmu ai shi ya fi kowa cancantar ya gani da kyau," ya ce.

Da asubar ranar Muzna ta yi addu'ar da ba ta taɓa jin wani matuƙi ya yi ba. Ta roƙi Allah Ya hana iska.

Da farko kamar an amsa. Teku ta kwanta lumui kamar man da aka zuba a faranti. Da safe Taguwa aka gwada, jiragen suka yi ta jan ciki a kan ruwa. Mazin ya koma can ƙarshen ɗaya kwale-kwalen ya kwanta rub da ciki, Muzna na wannan gefen, tsakaninsu filin da za a shanya buhun shinkafa. Wakilan ƙasashe suna hamma suna duba sama. A ƙarƙashin rumfa kuwa murna ake yi. Ko daga kan ruwa tana hango Ammi Halfan yana zagaya sahu, yana buɗe hannuwa yana nuna wa dattawa faɗin tazarar.

"Ɗaga musu hannu, Kyaftin," in ji Mazin. "Yau mu ne malaman tarbiyya."

"Rufe mini baki ka duba igiyarka."

"Wace igiya? Ko tsakin tsohuwa ya fi wannan iskar ƙarfi."

Bayan azahar aka sauya jirage, aka ba su Barewa. Muzna na ɗaura ɗamara ta ji gefen mayafinta ya motsa. Ta ɗaga kai. Can nesa ruwan ya sauya launi, ya yi duhu, duhun yana tahowa.

Kafin su kai alamar juyawa ta farko iska ta iso gaba ɗaya. Filafili ya yi ƙara ya cika, kwale-kwalen da take kai ya tashi daga ruwa, wanda Mazin ke kai ya soma nutsewa. Ta sassauta igiya, jirgin ya dawo, sauran jirage suka wuce su fuu, kowanne da mutum biyu rataye a gefe ɗaya. Waɗancan baƙi ne, babu wanda zai tambayi ubansu a zaure.

"Kyaftin!" Mazin ya yi ihu, ruwa har ƙugunsa. "Faɗi abin yi! In na zo nan babanki ya yanka ni, in na zauna nan teku ta haɗiye ni. Zaɓar mini mutuwa ɗaya!"

Ta waiga bakin ruwa. Rumfuna sun zama ƙanana, amma wani abu yana ƙyalli a tsakiyar sahun gaba. Tana iya ci gaba da sassauta igiya, su yi ta tafiyar kunkuru, su zo na ƙarshe da mutuncinsu cikakke. Ta ma yi niyyar haka. Sai wata kaɗawar iska ta sake zuwa, Barewa ta yi rawa a ƙarƙashinta kamar dokin da aka daɗe ana ja wa linzami, hannunta ya riga tunaninta.

"Taho," ta ce.

"Na'am?"

"Na ce taho, ɗan burodi!"

Ya rarrafo ta kan raga, ya maƙala ƙugiya, ya fita. Ita ma ta maƙala tata ta fita. Ta ja igiya.

Abin da ya biyo baya ba ta taɓa iya ba wa kowa labarinsa yadda yake ba. Ƙarar ruwa ta ɗauke, sai wani siririn fito daga wayoyi. Jirgin ya tsaya a kan kwale-kwale ɗaya yana yanka teku, su biyu a miƙe a sama, babu komai a ƙarƙashin bayansu sai iska da kumfa. Suka cim ma na gabansu, suka wuce. Suka cim ma ƙartin ƙasashen sanyi, waɗanda nauyinsu ya zame musu kaya a wannan jirgi, suka wuce. Mazin na ihu yana kiran sunan uwarsa. Muzna ta ji wani yana dariya, sai daga baya ta gane ita ce. Kafaɗar Mazin da ke manne da tata a idon gari kuwa, ko tunawa ba ta yi da akwai ta ba.

Su suka fara tsallake layi. Baƙi suka tafa. Daga rumfunan gari ba a ji ko tari ba.

Da suka jawo jirgi kan yashi Mazin ya ce cikinsa na ciwo, ya ɓace. Muzna ta tsaya ita kaɗai tana naɗe igiyar da ta riga ta naɗe. Ta ga takalman mahaifinta sun tsaya a gabanta. Ba ta ɗaga kai ba.

"A juyawa ta biyu kin makara," ya ce a hankali. "Kin jira har iska ta gaya miki. Ruwa ake kallo, shi yake fara faɗa. Kuma yaron nan ya riƙa matsowa baya idan kuna gangarowa, hancin jirgin yana neman shan ruwa."

Ya juya ya tafi masallaci.

Ta bi bayansa da kallo, igiya a hannu. Mutumin da ya san inda nauyin Mazin ya kamata ya zauna a jirgin da bai taɓa hawa ba. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana kora ma'aikata gefen iska idan hadari ya taso. Ashe tun ranar farko a ofis ya sani. Ba bayani ya je nema wurin Ammi Halfan ba. Abin da zai faɗa a zaure ya je karɓa, aka ba shi, ya riƙe shi da kyau har yau da aka kafa masa madubi aka ƙwace.

Bayan la'asar kwamiti ya zauna a babban ɗakin ƙungiya. Labari ya riga ya zo cewa wakilan ƙasashe sun rabu biyu daidai, masu manyan jiki na son Taguwa, sauran na son Barewa, ƙuri'ar masu masauki ce za ta raba gardama. Ɗakin ya cika da dattawan da ba 'yan kwamiti ba ne, kowa ya zo ya ji yadda Halfan zai fita. Aka zaunar da Abu Zahir a sama. Muzna da Mazin suna bakin ƙofa, da kujera biyu babu kowa a tsakaninsu.

"Halfan," in ji wani tsoho mai jan gemu, tun kafin a zuba gahawa, "gefen matan nan da ka ce, ko shi ne wanda na ga yana shawagi a sama babu kowa a kai?"

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ammi Halfan ya gyara rawani. Fuskarsa ta faɗa tun rana, amma mutum ba ya shekara da shekaru a ofis a Maskat bai koyi yadda ake fita daga rami ba.

"Ammi Saif, ka yi gaskiya, kuma na gode da ka kawo maganar. Ai amfanin gwaji ke nan. Da safe me muka gani? Jirgi mai natsuwa, mai faɗi, kowa a wurinsa. Da rana me muka gani? Jirgi marar nauyi, marar kunya, iska kaɗan ya ɗaga ƙafa sama, ya tilasta wa 'ya'yan mutane abin da ba su yi niyya ba. Laifin yaran ne? Laifin jirgi ne! Da ba mu gwada a idon jama'a ba, da mun zaɓi abin da zai ba mu kunya a gaban duniya."

Kawuna suka soma gyaɗawa. Maganar ta zauna daidai. A cikin masu gyaɗa kan akwai tsofaffin masunta da suka san sarai abin da ya bambanta safe da rana, amma su ma suna da zaure, kuma suna son Abu Zahir.

"Sai dai ba ni na hau ba," Ammi Halfan ya ci gaba, murya ta dawo masa. "Ga wadda ta hau duka biyun. 'Yata, faɗa wa iyayenki. Wanne ya fi dacewa da mu? Abin da kika ce shi za mu jefa wa ƙuri'a."

Mazin ya miƙo wuya ta saman kujerun da ke tsakaninsu. "Kyaftin," ya ce cikin raɗa, "ki tuna cinyar matar nan."

Muzna ta dubi mahaifinta. Idonsa na kan finjalin da ke hannunsa. Idan ta ce Barewa, ta faɗi gaskiya a gaban mutanen da suka ga abin da suka gani, kuma babu sauran abin da zai faɗa musu gobe, sai dai ya ce ta zauna a gida. Idan ta ce Taguwa, za ta koma teku. Za ta koma a kan jirgin da ya fi ƙarfin hannunta, ta riƙa kallon bayan ƙarti daga wannan gasa zuwa waccan, kuma idan iska ta taso ita da Mazin za su rataya a gefe ɗaya kamar yadda suka yi yau, sai dai a can wata ƙasa inda madubin Ammi Halfan ba ya kaiwa. Wannan karon sunkuyar da kai ba zai yi ba. An ce ta yi magana.

"Taguwa, Ammi," ta ce. "Ta fi natsuwa."

"Allahu akbar! Kun ji ko? Tarbiyya ke nan!"

Ɗakin ya ɗauki masha Allah. Mazin ya kwanta a jikin kujera ya rufe fuska da hula. Tsoho mai jan gemu ya ce shi dama tun safe ya ga babban jirgin ya fi kama da na mutanen kirki. Aka aika a gaya wa wakilan ƙasashe cewa masu masauki sun yanke shawara bayan dogon nazari a kan yanayin iska da ruwa. Ta haka aka zaɓar wa ƙasashe da yawa jirgin da za su yi shekaru suna tsere da shi.

"Abu Zahir," in ji Ammi Halfan, yana murmushi har kunne, "yanzu kam ba sauran magana ko? Yarinya ta ci gaba?"

Sai a lokacin mahaifinta ya ɗago. Ba Halfan ya kalla ba, ita ya kalla, kallon da yakan yi wa sararin sama idan ya ga an tashi tafiya a ranar da ba ta dace ba. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

"Shirun uba yarda ce," Ammi Halfan ya sanar. "A zuba gahawa!"

Mai zuba gahawa ya iso gabansa da buta. Abu Zahir ya girgiza finjalinsa alamar ya ƙoshi, ya miƙa. Ana ta hayaniyar wanda zai raka tawaga ƙasar waje da irin rigar da za a ɗinka musu, ya tashi, ya ratsa ta bayan kujeru, ya wuce ta gefen Muzna har gefen rigarsa ya shafi gwiwarta, ya sa takalmansa a bakin ƙofa.

Ta taga ta hango shi. Bai nufi hanyar gida ba. Ya gangara bakin ruwa inda ma'aikatan kamfani suka riga suka kwantar da sandar Barewa suna kwance wayoyinta. Ya tsaya kusa da ita, hannuwa a baya, ya zagaya ta sau ɗaya a hankali, ya sunkuya ya duba ƙasan kwale-kwalen. Wani daga cikin ma'aikatan ya yi masa magana, da alama yana tambaya ko yana neman wani abu. Ya girgiza kai, ya bi yashi ya tafi.